Ƙullin Kyaftin Bunzo

Duk wanda ya taɓa zama da Kuramochi Bunzo, ko da na shan shayi kofi ɗaya ne, ya san abu guda game da shi: ƙullinsa bai taɓa kwancewa ba. Ba sai ka tambaya ba. Zai dubi igiyar takalminka, ya girgiza kai cikin tausayi, sannan ya fara.

Shekara talatin da 'yan kai ya yi a wani babban kanti a Osaka, a sashen naɗe kayan kyauta. Kowa dai ya san ƙullin kyauta iri biyu ne. Akwai mai kunnuwa biyu, wanda ja ɗaya ke kwance shi, na haihuwa da ƙarin girma da duk abin da ake so ya sake zuwa. Akwai kuma na mutu-ka-raba, na aure da na makoki, wanda in ka ja shi sai ya ƙara shaƙewa. Bunzo ya raina na farkon, ya ce ƙullin ragwaye ne. In aka kawo kayan haihuwa sai ya tura wa na ƙasa da shi, ya zauna jiran aure ko mutuwa.

Da ya yi ritaya sai ya sayar da gidansu ya sayi jirgin ruwa, irin mai tafiya da iska ɗin nan, mai dogon turke a tsakiya da ake jan ƙyalle a kai. Ya raɗa masa suna Bunzo Maru. Ya sayi farar hular hana-salla, ya ce wa matarsa Fukiye daga yau su mutanen teku ne. Ta ɗauki tukunyar dusar da ta gada wajen mahaifiyarta ta shiga jirgi. Tukunya ce ta dusar shinkafa da gishiri, a ciki take binne kokwamba da yalo su yi tsami, kuma kullum sai an sa hannu an juya ta, in ba haka ba ta mutu.

Aikin jirgi suka raba shi daidai. Fukiye ke girki a kan murhun da ke lilo, ita ke jidar ruwa a jarka duk inda suka yada zango, ita ke wanki a bokiti, ita ke kwashe ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, ita ke jan ƙyalle, ita ke ɗaure jirgi in an iso. Shi kuma Bunzo yana duban sama. In hadari ya taso sai ya ce hadari ya taso.

Haka suka yi ta bin tsibirai har suka iso namu a ƙarshen zafi, suka ɗaure a jikin bangon dutsen kwata, wato matsayar jiragen ruwa. A nan ne wata safiya Fukiye ta fito da jakarta a hannu da takalmin zuwa gari.

"Zan shiga jirgin fito in je Onomichi," ta ce. "Yaya ta samo wani ɗaki kusa da ita, zan je in gani."

"Ɗaki? Ɗakin me?"

"Na zama, Maigida. Na gaji. Ba zan iya ci gaba a haka ba. In na dawo da rana zan gaya maka abin da na yanke."

Tsoro ne sosai ya kama Bunzo, don ya san in Fukiye ta bar jirgin nan, jirgi ya ƙare, shi ma ya ƙare. Ko inda ake ajiye ashana bai sani ba. Amma sai ya gyara zaman hula.

"Je ki abinki. Jirgi na hannun kyaftin."

"Shi ne abin da ke damuna. Igiyoyin nan ka bar su yadda na bar su. Tukunya kuma ka juya ta, da hannu."

"Ni za ki koya wa igiya?"

"Ban koya maka ba. Cewa na yi ka bar su."

Jirgin fito na ɓacewa bayan tsauni, dabara ta faɗo wa Bunzo. Duk aikin da matar nan ke kuka da shi, shi zai yi shi yau kafin rana ta karkata, kuma irin na babban kanti. Sannan ya gayyato manyan mutanen tsibirin shan shayi daidai dawowar jirgin fito, ta sauko ta tarar da shi a tsakiyar mutane, jirgi na ƙyalli. A gaban shaidu, wace mace ce za ta ce ta zaɓi ɗaki?

Ya fara da igiya, don ita ta fi tsone masa ido. Ruwan teku a cike yake a lokacin, bai fara janyewar da yake yi kullum ba, gefen jirgi daidai da kan bango, ga igiyoyin Fukiye sun yi laƙwas suna lilo har suna taɓa ruwa. Abin kunya, a gaban baƙin ido. Ya kwance su duka, kowace ja ɗaya. Ya jawo jirgi ya manna shi da bango. Ya ɗaure gaba, ya ɗaure baya, ya ɗaure tsakiya a jikin zobban ƙarfe, kowanne da ƙullin mutu-ka-raba, ya taka bango da ƙafa ya ja har sai da igiya ta yi ƙara.

Tsohon masunci Sakichi na zaune a kan bango yana ɗinkin taru, yana kallo.

To mu nan tsibirin ba ma gaya wa baƙo ya yi kuskure. Rashin tarbiyya ne. Yabon abin muke yi, mu yi ta yabo da ƙarfi har mai shi ya tsargu. Mai hankali yabo biyu ya ishe shi ya koma ya duba aikinsa. Ba mu taɓa gamuwa da wanda yabo ne abincinsa ba sai a kan Bunzo.

"Kai, Kyaftin," in ji Sakichi, "wannan ɗauri ya ɗauru."

"Ko?"

"Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin an matse jirgi da bango haka ba."

"Ba za ka gani ba, Sakichi-san. Sai an koya."

Sakichi ya sosa ƙeya. Ya ƙara wa yabon gishiri. "Ga shi kuma wata ya cika. Yau ruwa zai janye sosai da sosai."

"Ya janye mana. Jirgina ba zai bi shi ba."

"Ai kuwa ba zai bi shi ba," in ji Sakichi, ya koma kan tarunsa da zuciya a jagule.

Sai shanyar katifa. Fukiye kan baza su a kan rufin ɗaki ta bubbuge su da sanda. Bunzo ya ga wannan ƙaramin tunani ne, ga turke har sama inda iska ta fi tsabta. Ya haɗa katifu biyu da wankin da ya tarar a bokiti, ya ɗaure su da igiyar jan ƙyalle, ya ja har suka kai ƙololuwa, ya ƙulle a ƙasa. Sannan ya ɗauko sandar bugu ya ɗaga kai. Sai da ya tsaya a kan yatsu ya yi tsalle kafin ya yarda ba zai kai ba. Ya koma zai kwance ƙullin ya sauko da su, ƙulli ya ce bai san zancen ba.

Gwaggo Otane, mai shanyar kifi a bakin kwata, ta ajiye faifanta ta riƙe ƙugu.

"Kyaftin, tutar wace ƙasa ce waccan?"

Dogon wandon sanyin Bunzo ne, iska ta cika shi, ƙafafunsa na tafiya a sama.

"Sabon tsari ne, Gwaggo. A Osaka ba a bugun katifa yanzu."

"Su wa ke bugu?"

"Iska."

"To ga ma'aikata nan sun zo taya ta."

Tsuntsayen teku ne suka gano katifa a sama. Ɗaya ya sauka, ya kira 'yan uwa. Kafin a jima sun zauna a jere sun fara abin da suka saba yi a kan duwatsu.

"Uwargida ta san da wannan aikin?" in ji Otane.

"Mamaki zan ba ta."

"Za ta sha shi kuwa."

Bunzo ya ji daɗin maganar, ya rusuna mata, ya gayyace ta shayi.

Daga nan ya shiga wankin daɓen jirgi. Ya buɗe tankin ruwan sha, ruwan da Fukiye ta yi kwana da kwanaki tana jidowa daga famfon gari, ya yi ta kwarara yana dirza har famfon jirgi ya fara tari. Da daɓe ya bushe ya ɗauko gwangwanin man goge daɓe da ya zo da shi tun daga kanti, ya shafe jirgin tas daga gaba har baya, ya goge da tsumma har yana ganin hularsa a ciki. Sai a lokacin ya tuna shayi da ruwa ake yinsa.

Ya ɗauki jarkoki biyu ya haura famfon gari yana fito. Da ya cika su ya ɗaga, sai ya ajiye. Ya duba ko wani ya taka masa su. Ya zubar da rabi, ya sake ɗagawa, ya sake zubarwa. Ya iso jirgi da jarka ɗaya mai ɗan ruwa a gindi, yana haki, ya shaida wa Sakichi cewa ƙwararren kyaftin ba ya ɗora wa jirgi nauyin banza.

Saura tukunya. Ya buɗe murfi, warin ya buge shi, ya dubi hannunsa da ya wanke da sabulu, ya mayar da murfi. Manyan baƙi na zuwa, ba za su shaƙi wannan a cikin ɗaki ba. Ya naɗe ta a cikin babban ƙyalle mai zanen igiyar ruwa, naɗi mai kusurwa huɗu ba ko tattara, ya fito da ita ya ɗaure a gindin turke. A nan gaskiya ya nuna gwaninta. Ya ja da baya ya kalli ƙullin, har ƙwalla ta zo masa.

Duk wannan bidiri ruwa na ta janyewa abinsa. Jiragen masunta suka yi ta sauka tare da shi, har sai ka leƙa daga kan bango kake ganinsu. Bunzo Maru kuwa ɓangarensa na jikin bango na nan a sama inda aka ƙulle shi. Ɗaya ɓangaren ne ya bi ruwa. Jirgi ya fara kishingiɗa a hankali.

Bunzo ya fito kan bango ya duba hagu, ya duba dama, ya kira Sakichi.

"Dubi jiragenku. Duk sun nutse ƙasa. Nawa kaɗai ne bai sauka ba."

"Naka kaɗai ne, Kyaftin," in ji Sakichi da muryar mai ta'aziyya.

Da rana ta take, baƙi suka iso: mai unguwa Horiuchi cikin baƙar kwat ɗinsa ta taro, da Sakichi, da Gwaggo Otane. Sauran mutanen gari ba a gayyace su ba, amma kowa ya tuna yana da aiki a bakin kwata. Baƙi suka tuɓe takalma suka jera a kan bango, kawunansu na duban waje. Suka taka daɓe da safa.

Mai unguwa ne ya fara shiga. Ƙafarsa ta dama ta tafi ba da izininsa ba, ya bi ta, ya cafke turke da hannu biyu ya tsaya rungume da shi.

"Daɓe mai kyau," ya ce. "Santsi kamar me."

"Man Osaka ne," in ji Bunzo.

Aka zauna a kan matasai. Bunzo ya zuba shayi rabin kofi rabin kofi, iyakar abin da ruwan ya bayar ke nan. Hakan ma ya taimaka, don shayin a karkace ya tsaya a cikin kofi, ɓangare ɗaya har baki, ɗayan ana ganin gindi. Kowa ya kalli kofinsa, ba wanda ya kalli wani. Farantin biskit ɗin shinkafa ya tashi daga gaban Bunzo ya wuce gaban Otane, ta ɗauki ɗaya, ya wuce gaban Sakichi, ya ɗauki ɗaya, ya fice ta ƙarƙashin shingen waya ya faɗa teku.

"Jirgin da kansa yake raba wa baƙi," in ji Otane. "Ban taɓa gani ba."

"Tsari ne, Gwaggo."

Mai unguwa ya gyara murya zai yi jawabin maraba, don ba a shan shayin baƙo sai da jawabi. Ya fara da tarihin tsibiri. Yana cikin zancen kakanni matashinsa ya fara tafiya da shi. Bai tsaya ba. Ya yi zancen kifi yana tsakiyar daɓe, ya yi zancen matasa da suka gudu birni yana kusa da baki, har ƙafafunsa suka fita ta ƙarƙashin shinge suna reto a kan ruwa. Daga can ya ci gaba, sai dai ya ɗaga murya don a ji shi.

Igiyoyi suka fara wani irin kuka, katakon gefen jirgi na amsawa.

"Kyaftin, igiyarka na kuka," in ji Otane, hannunta ɗaya a turke.

"Waƙa take yi. Haka igiya mai kyau ke yi in ta samu mai ita."

Sakichi ya kasa daurewa. Ya yi abin da bai taɓa yi wa baƙo ba.

"Kyaftin, a gafarce ni, ni ba kowa ba ne. Amma da za a ɗan... sassauta?"

Mai unguwa ya waiwayo daga bakin shinge ya harare shi. Bunzo ya ajiye butar shayi, buta ta kama hanya.

"Sassauta? Sakichi-san, shekara talatin ina ƙulli, gidajen aure na Osaka kaf sun san hannuna. Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙunshi ya ce ya kwance a hanya."

"Haka ne. Na yi kuskure."

"Ba komai. Rashin sani ne."

Sai ga ƙahon jirgin fito. Ya zagayo tsauni cike da mutane, duk sun taru a ɓangare ɗaya suna nuna wando a sama. Bunzo ya miƙe ya kama turke ya sara musu. A can gaba ya hango Fukiye da jakarta. Ba ta ɗaga hannu ba.

Igiyar ruwan da jirgin fito ya turo ta iso. Bunzo Maru ya ɗaga, ya faɗa, igiyoyi suka fizge shi. Mai unguwa ya ji ya zame har ƙugu. Ya duba ƙasa, ya duba mai masauki, ya ɗaga kofinsa.

"A gafarce ni, zan riga ku tashi."

Tsulum! Ruwa ya kai masa wuya, kofi na sama a hannunsa. Sakichi ya ga ba daidai ba ne babban mutum ya ji kunya shi kaɗai, ya saki abin da ya riƙe ya bi shi. Otane ta rungume turke da tukunya gaba ɗaya ta ce ita ba inda za ta, ba ta gama shayinta ba.

Fukiye ta sauko daga jirgin fito, duk fasinjoji a bayanta. Ba ta yi gudu ba. Ta zo ta tsaya a kan bango ta dubi katifu da tsuntsaye, ta dubi kan mai unguwa a cikin ruwa ta rusuna masa, ya rusuna mata har ya sha ruwa. Ta dubi maɗaurin ƙarfen tsakiyar jirgi, wanda ya fara ɗaga katako, ƙusoshi na fitowa ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu da dawowa," in ji Bunzo. "Kin ga mun yi baƙi."

"Na gansu. Kwance igiyar nan."

"Fukiye, bari in yi miki bayanin tsarin..."

"Gefen jirgi zai yage. In ya yage ba ni da abin zaɓa, ba ka da abin kyaftin. Kwance."

Bunzo ya rarrafo ya kama ƙullin tsakiya. Ya sa farce, farce ya karye. Ya sa haƙori. Ya ja kan igiya, ƙulli ya ƙara shaƙewa yadda aka halicce shi ya yi. Mutane sama da ƙasa suna kallo.

"Ba ya kwancewa," ya ce a hankali.

"Na sani. Shekara talatin kana gaya mini."

Ta tuɓe takalmi da safa, ta ɗauko wata doguwar igiya ta ɗaura a zobe da sako-sako, ta taka jirgi da ƙafa tsirara ta ɗaura ɗaya kan. Otane ta zaro wuƙar fawar kifi daga ɗamararta ta miƙa wa Bunzo ta ƙota.

Bunzo ya dubi wuƙa kamar an miƙo masa maciji.

"Fukiye, ƙullin aure ne fa. Ba a sa masa wuƙa. Kin san abin da ake cewa."

"Na sani. Yanka."

"A gaban mutane?"

"Kai ka tara su."

Ya miƙe tsaye, don ya ce abu irin wannan ba a yinsa a durƙushe. Ya gyara hula. Ya ɗora wuƙa a kan igiya, nesa da ƙullin, ya runtse ido. Ko gogawa bai yi ba igiya ta tsinke, fau! Ta gaba da ta baya suka ga an bar su da nauyi, su ma suka tsinke. Jirgi ya faɗa ruwa da dukkan jikinsa. Ruwa ya tashi ya wanke 'yan kallo, ya kwashe takalman da aka jera. Tsuntsaye suka watse. Bunzo kuwa, da safarsa a kan man Osaka, ya ratsa daɓen daga wannan gefe zuwa wancan a tsaye ƙyam, hannunsa a goshi, ya wuce shinge ya sauka tsakanin mai unguwa da Sakichi.

"Barka da zuwa," in ji mai unguwa.

Igiyar Fukiye ta miƙe a hankali ta riƙe jirgi. Ya zauna daidai a kan ruwa, ƙasa da bango, kamar sauran jirage.

Da aka tsamo su, Bunzo ya gangaro jirgi yana ɗigar ruwa, ba hula. Kofuna sun tafi, buta ta tafi, matasai na yawo a kwata. Abu ɗaya ne bai gusa ba. Idonsa ya faɗa kansa, ƙirjinsa ya ɗan taso.

"Kin gani? Tukunyarki ko motsi ba ta yi ba. Wa ya ɗaure ta?"

"Ka juya ta?"

Bunzo ya dubi sama. Ba hadari, ba abin faɗa.

Fukiye ta shiga ɗaki ta fito da almakashi. Ba ta taɓa ƙullin ba, zagaye shi ta yi ta yanke ƙyallen, ta ajiye shi gefe. Ta buɗe murfi ta tura hannu har gwiwa, ta juya, ta juya, ta ɗebo ta shinshina. Duk kwata ana jira.

"Da ranta," ta ce.

Bunzo ya sauke numfashi. Ya yi tambayar da ke cinsa tun safe. "To... me kika yanke?"

"Ina nan a jirgi. Ina son jirgin nan, Maigida. Ban taɓa son wuri kamarsa ba."

Daɗi ya kashe Bunzo. Ya juya wajen jama'a ya rusuna, ya sake rusunawa, ya buɗe baki zai yi jawabi.

"Ɗakin ma na kama," in ji Fukiye.

Ta goge hannu ta ciro ɗan ƙunshi daga jaka ta sa masa a tafi. Makulli ne a cikin farar takarda, an ɗaure da jan zare, ƙulli mai kunnuwa biyu.

"Naka ne. Yana da rana, ba ya motsi, ba igiya ko ɗaya a ciki. Yaya ta ce za ta riƙa leƙa ka. Jirgin fito zai juya yanzu, ka yi sauri."

Bunzo ya tsaya da ƙunshi a hannu. Wannan karon abin ya shige shi har ƙashi, kowa ya gani a fuskarsa, kowa ya sami abin kallo a wani wajen.

"Har yaushe?" ya ce.

"Ja zaren."

Ya ja. Ƙulli ya kwance.

"Ranar da ka ɗaura mini irin wannan a zoben can, na ja ya kwance, ka dawo."

Ta ɗauko guntun ƙyallen nan mai ƙullinsa ta cusa masa a aljihu. Sakichi ya ara masa takalmin roba. Mutanen gari suka raka shi har jirgin fito suna yaba masa tafiyar.

Fukiye ba ta ɗaga daga kwatarmu ba. Ta yanke igiya ta sauko da katifu, ta kankare man Osaka da yashi, takan fita da jirgi da safe ita da Otane su dawo da yamma. Ƙulle-ƙullen Bunzo guda uku suna nan a jikin zobba da guntayen igiyarsu, an gwada an gaji.

Shi kuma duk ranar Lahadi yana zuwa a jirgin fito, da sabuwar hula. Ya durƙusa gaban zobe ya yi kunne ɗaya, ya yi na biyu, komai daidai. Sai a ƙarshe hannun nan ya yi abin da ya saba, ya zura kan igiya ya ƙara ɗan ja ɗaya. Fukiye ta miƙo hannu daga jirgi ta ja. Ta sake ja. Ta ba shi kokwamba a ƙunshi ta ce ya gaida Yaya.

Makon jiya ina wajen. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, idonsa ya yi ja, ya daɗe yana kallon jirgin. Sannan ya juyo wajenmu ya nuna zoben.

"Kun dai gani da idonku," ya ce. "Bai kwance ba."